Littafin Ƙa'ida da Kujerar Alƙali: Laccar da Aka Gabatar a Shema



Shugaban wannan zama, iyayenmu dattawan ƙasar 'Yandaka da na ƙasar Maradin Katsina, malamai, lauyoyi da ma'aikatan kotu da nake hangowa, ɗalibai daga Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, iyaye mata, 'yan'uwa da suka taso daga Kurfi da sauran garuruwa, ina yi muku barka da zuwa. Masu masaukinmu na Shema, Allah ya saka da alheri.

An nemi in yi magana a kan abu biyu da suke tafiya tare: yadda 'yan majalisa ke sauya ƙa'idojin zamansu, da siyasar da ke shiga cikin tantance alƙalai da amincewa da naɗinsu. Na san wani zai ce a ransa, mu da ke fama da tsadar taki da rashin tsaro, ina ruwanmu da littafin ƙa'idar majalisa? To, ku ba ni aron kunnuwanku. Ranar 12 ga Disamba 2008, Kotun Ƙoli ta raba gardama tsakanin 'ya'yan Katsina biyu, Umaru Musa 'Yar'aduwa da Muhammadu Buhari, a kan zaɓen shugaban ƙasa na 2007. Alƙalai bakwai suka zauna, huɗu suka tabbatar da zaɓen, uku suka ce a soke shi. Da mutum ɗaya ya sauya ra'ayi, da tarihin Nijeriya ya bi wata hanya. A ƙarshen 2011 kuma, bayan hukuncin Kotun Ƙoli a rikicin 'yan takarar CPC na jihar nan, hukumar zaɓe ta karɓe takardun shaidar cin zaɓe daga sanatoci biyu da 'yan Majalisar Wakilai takwas, ta miƙa wa wasu. Maƙwabtanmu na Zamfara sun ga nasu a watan Mayun 2019, da kotu ta ce ƙuri'un APC duk sun tashi a banza. A ƙasar da alƙali ke yanke wanda zai yi mulki, dole ɗan siyasa ya damu da wanda zai zama alƙali. Idan shi ya damu, mu ma gara mu damu.

Zan kawo batutuwa biyar.

Na ɗaya: wa ke naɗa alƙali, kuma mutum nawa ake bukata?

Tsarin mulkin 1999 ya shimfiɗa mataki uku. Hukumar Shari'a ta Ƙasa, wato NJC, ita ke ba da suna. Shugaban ƙasa ko gwamna shi ke naɗawa. A wasu kujeru kuma sai majalisa ta amince. Sashe na 231 ya ce Babban Jojin Ƙasa da duk alƙalan Kotun Ƙoli sai da amincewar Majalisar Dattawa. Haka Shugaban Kotun Ɗaukaka Ƙara da Babban Jojin Babbar Kotun Tarayya. A jiha, sashe na 271 ya ɗora wa Majalisar Dokoki amincewa da Babban Joji, sashe na 276 kuma ya ɗora mata amincewa da Girand Kadi na Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a. Sauran alƙalan manyan kotuna da ba su ne shugabannin kotunansu ba, ba sa zuwa gaban majalisa ko kaɗan.

Ku lura da wani abu a nan. Ɗan majalisarku na tarayya mai wakiltar Dutsin-Ma da Kurfi ba shi da ƙuri'a a wannan harka, domin Majalisar Wakilai ba ta tantance alƙali. Masu ƙuri'a su ne sanatan Katsina ta Tsakiya, da 'yan majalisar jiha biyu, na Dutsin-Ma da na Kurfi. Idan za ku tambayi wani, su za ku tambaya.

Yanzu mu yi ɗan lissafi. Majalisar Dokokin Katsina tana da kujera 34. Tsarin mulki ya ce kashi ɗaya bisa uku sun isa a yi zama, wato mutum 12. A cikin su shugaban majalisa ba ya jefa ƙuri'a sai an yi kunnen doki. Saura 11. Rinjaye a cikin 11 shi ne shida. Ke nan a bisa doka mutum shida za su iya tabbatar da Babban Jojin jihar da ke da ƙananan hukumomi 34. A Majalisar Dattawa mai kujera 109, zama yana yiwuwa da mutum 37, kuma 19 sun isa su tabbatar da alƙalin Kotun Ƙoli. Amma idan cire Babban Joji za a yi, sashe na 292 ya nemi kashi biyu bisa uku: 23 a Katsina, 73 a Abuja ga Babban Jojin Ƙasa. Ƙofar shiga a buɗe take hanhai, ta fita ce aka ƙuntata. Ƙuntata ta fita daidai ne, don kada a riƙa razana alƙali. Amma hakan na nufin ranar tantancewa ita ce kusan dama ɗaya tilo da wakilan jama'a ke da ita su kalli mutumin ido da ido.

Shi kuma yadda za a yi tantancewar, a fili ne ko a asirce, kwamiti ne zai yi ko zauren majalisa, da ɗaga murya za a yanke ko kowa zai faɗi ƙuri'arsa da sunansa, kwana nawa za a ɗauka, tsarin mulki bai ce komai ba. Sashe na 60 da na 101 sun bar wa kowace majalisa ta tsara nata. A wannan ɗan littafi na ƙa'idojin zama, wanda yawancinmu ba mu taɓa gani ba, a nan ake wasan.

Na biyu: abin da ya faru a Amurka.

Zan ɗan daɗe a nan, domin tsarin shugaba mai cikakken iko da muka ɗauka a 1979 daga can muka kwafo shi, har da batun amincewar Majalisar Dattawa.

Majalisar Dattawan Amurka tana da kujera 100. Tsarin mulkinsu bai nemi komai ba face rinjaye kafin a tabbatar da alƙali. Amma suna da wata tsohuwar al'ada: sanata na iya ci gaba da muhawara ba iyaka, kuma muddin ba a rufe muhawara ba, ba za a jefa ƙuri'a ba. Wannan jan magana shi suke kira filibasta. A 1917 suka yi ƙa'idar cewa kashi biyu bisa uku za su iya rufe muhawara, a 1975 suka rage zuwa ƙuri'a 60. Amfanin abin a aikace a lokacin shi ne, shugaban ƙasa ya san cewa idan jam'iyyarsa ba ta da 60, sai ya kawo mutumin da wasu daga 'yan adawa za su iya haɗiya. Akwai lokacin da ba a ma kai ga wannan gardama. An tabbatar da Antonin Scalia a 1986 da ƙuri'a 98, babu ko ɗaya a kansa. An tabbatar da Ruth Bader Ginsburg a 1993 da 96 da 3. Su biyun kuwa a ra'ayin shari'a hannun riga ne.

Daga baya sai kowane ɓangare ya gano cewa ana iya amfani da ƙa'idar a toshe mutanen shugaban da ba naka ba. 'Yan Dimokurat sun toshe wasu alƙalan George Bush. A 2005 'yan Rifablikan suka yi barazanar rushe ƙa'idar, sai sanatoci 14, bakwai daga kowane ɓangare, suka shiga tsakani aka yi sulhu. Da Obama ya hau, 'yan Rifablikan suka rama, har suka toshe mutum uku da ya kawo don kotun ɗaukaka ƙara ta birnin Washington. Ranar 21 ga Nuwamba 2013, jagoran masu rinjaye Harry Reid ya yi abin da aka daɗe ana tsoro, wanda saboda girman ɓarnarsa suka laƙaba masa sunan makamin nukiliya.

Yadda ya yi shi ne abin da nake so ɗaliban shari'a su riƙe. Gyara rubutacciyar ƙa'ida yana da wuya, domin rufe muhawara a kan gyaran ƙa'ida na bukatar kashi biyu bisa uku. Saboda haka Reid bai taɓa rubutun ba. Ya miƙe ya ce a fahimtarsa rinjaye kawai ya isa a rufe muhawara a kan waɗanda aka zaɓo don muƙami, ban da Kotun Ƙoli. Mai jagorantar zama ya duba littafi ya ce a'a, 60 aka rubuta. Sai Reid ya ɗaukaka ƙara zuwa ga zauren, aka jefa ƙuri'a, 52 suka kayar da hukuncin mai jagorantar zama, 48 suka goyi bayansa. Shi ke nan. Littafi na nan yana cewa 60, majalisa kuma ta yanke cewa ma'anar 60 ita ce rinjaye. Kun ji dabara?

Jagoran 'yan adawa Mitch McConnell ya gargaɗe su a ranar cewa za su yi da-na-sani, kuma ba da daɗewa ba. Haka aka yi. A 2014 jam'iyyarsa ta karɓe majalisa. Scalia ya mutu a Fabrairun 2016, Obama ya kawo Merrick Garland a watan Maris, McConnell ya ƙi ko a saurare shi, da hujjar cewa shekarar zaɓe ce, a bar jama'a su yanke. Sunan ya yi kwana 293 a ajiye har wa'adinsa ya ƙare. Trump ya hau, ya kawo Neil Gorsuch, 'yan Dimokurat suka toshe, sai McConnell ya ɗauko makamin Reid ranar 6 ga Afrilu 2017 ya faɗaɗa shi zuwa Kotun Ƙoli. Gorsuch ya wuce da 54 da 45, Brett Kavanaugh da 50 da 48 a 2018. Da Ginsburg ta mutu a Satumban 2020, hujjar shekarar zaɓe ta ɓace ɓat: aka tabbatar da Amy Coney Barrett da 52 da 48, saura kwana takwas a yi zaɓe. Waɗannan ukun suna cikin waɗanda a 2022 suka soke hukuncin 1973 kan zubar da ciki, wanda jam'iyyar Reid ke ɗauka abin karewa. Hausawa sun ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere.

Amma kada in zalunci Reid. An matse shi ne, domin shugaban da jama'a suka zaɓa ya kasa cike kujerun da doka ta ba shi. Kuma jam'iyyarsa ta ci moriyar sauyin: Trump ya naɗa alƙalan tarayya 234 a wa'adinsa na farko, Biden ya naɗa 235. Wadda ta yi asara ita ce kotun. Yau a Amurka in an ambaci alƙali, abu na farko da ake tambaya shi ne wane shugaba ya naɗa shi.

Na uku: namu, kuma daga gida zan fara.

Dattawa da ke nan sun tuna 1979, lokacin muna cikin tsohuwar Jihar Kaduna. Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa na PRP ya ci gwamna, NPN kuma ta cinye majalisa. Shugaban majalisar maƙwabcinmu ne, Alhaji Mamman Abubakar Ɗanmusa. Gwamna ya aika sunayen kwamishinoni, majalisa ta ƙi. Ya sake aikawa, ta sake ƙi. Haka aka yi ta yi, ya mulki jiha babu kwamishina ko ɗaya har ranar 23 ga Yuni 1981 da aka tsige shi, Alhaji Abba Musa Rimi ya hau. Kwamishinoni ne, ba alƙalai ba, amma iko ɗaya ne, ikon cewa mun amince ko ba mu amince ba. Kowa da labarin da yake bayarwa a kan mai laifi, kuma ba zan tayar da tsohon miki a gaban iyayena ba. Abin da nake so mu ɗauka shi ne, mu Katsinawa mun ga toshewa da idonmu shekara talatin da wani abu kafin Garland. Shi ya sa idan wani ya ce maganin matsalarmu shi ne mu kwaikwayi ƙuri'a 60, ko mu nemi kashi biyu bisa uku kafin a tabbatar da alƙali, ban yarda ba. Ka ba tsiraru wannan makami a jihar da gwamna da majalisa ba sa ga maciji, sai a shekara babu Babban Joji.

Kuma an yi. A Ribas, daga 2013, Gwamna Rotimi Amaechi ya nace a kan Mai Shari'a Peter Agumagu, NJC ta nace a kan Mai Shari'a Daisy Okocha. Rikicin ya kai kotunan jihar suka yi kusan shekara guda a kulle. Ku yi tunanin wanda ke tsare a gidan yari yana jiran beli a wannan shekarar. A Kuros Riba, a watan Maris 2020, majalisa ta ƙi Mai Shari'a Akon Ikpeme, wadda ita ce mafi daɗewa kuma NJC ta ba da sunanta, da hujjar cewa asalinta Akwa Ibom ne, wai barazana ce ga tsaro. Majalisar nan dai, da mutanen nan dai, ta amince da ita a Janairun 2021. Me ya sauya a asalinta cikin wata goma? A Kebbi, majalisa ta ƙi Mai Shari'a Asabe Karatu, ta ce akwai gyara a takardarta ta firamare, ita kuma ta kai kuka NJC cewa addininta ne dalili. Ta yi ritaya a 2019 ba a tabbatar da ita ba. Ba ni da hurumin yanke wa ɗayansu hukunci. Amma da an yi zaman a fili, an ajiye takardar a gaban jama'a, an ba ta dama ta amsa, kowa ya jefa ƙuri'a da sunansa, da yau ba zato muke yi ba.

Sai batun taɓa littafin ƙa'ida. Ranar 9 ga Yuni 2015, sanatoci 57 suka zaɓi Bukola Saraki shugaban Majalisar Dattawa, alhali da yawa daga sanatocin APC suna Cibiyar Taro ta Ƙasa da Ƙasa suna jiran ganawa da Shugaba Buhari. Ike Ekweremadu na PDP ya zama mataimaki. Bayan nan wasu sanatoci, Sulaiman Hunƙuyi na Kaduna ta Arewa na gaba, suka kai ƙara ga 'yan sanda cewa littafin ƙa'idar da aka raba a ranar ba shi ne na 2011 ba, an mai da zaɓen shugabanni na asiri maimakon na fili, kuma babu zaman da aka yi aka amince da gyaran. A Yunin 2016 gwamnati ta gurfanar da Saraki da Ekweremadu da manyan jami'an majalisa biyu, a Oktoba ta janye ƙarar. Babu kotun da ta tabbatar da laifi a kan kowa, wannan sai a faɗa. Amma zargin kaɗai ya ɓata tsakanin fadar shugaban ƙasa da majalisar har ƙarshen wa'adi. Ita ce majalisar da ta ƙi Ibrahim Magu sau biyu a shugabancin EFCC, a Disamban 2016 da Maris 2017. Ɗan ƙasar nan, Sanata Umaru Kurfi, yana cikinta.

A cikin wannan tsamin dangantaka aka shigo da batun Walter Onnoghen. Kun tuna alƙalai ukun da suka goyi bayan ƙarar Buhari a 2008? Yana cikinsu. NJC ta ba da sunansa don kujerar Babban Jojin Ƙasa a Oktoban 2016. Shugaban ƙasa ya rantsar da shi a matsayin riƙon ƙwarya ranar 10 ga Nuwamba, bai aika sunansa majalisa ba. Riƙon ƙwarya kuwa wata uku tsarin mulki ya ba shi, sai in NJC ta nemi a sabunta. Saura 'yan kwanaki wa'adin ya cika, shugaban ƙasa yana jinya a Landan, mataimakinsa Farfesa Osinbajo ya aika sunan, majalisa ta amince ranar 1 ga Maris 2017. Ranar 25 ga Janairu 2019, ana gab da zaɓe, aka dakatar da shi bisa umarnin Kotun Ɗa'ar Ma'aikata, ba tare da an bi ta Majalisar Dattawa ba. A Nuwamban 2024 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke hukuncin da Kotun Ɗa'ar Ma'aikata ta yi masa, bayan kujerar ta daɗe da wucewa.

Riƙon ƙwaryar nan ita ce filibastar Nijeriya, sai dai a hannun mai zartarwa take. Alƙalin da ke riƙo, wanda ya san cewa bayan wata uku makomarsa na hannun gwamna, da wane ido zai kalli ƙarar da aka shigar a kan gwamnatin?

A Oktoban 2023 kuma Majalisar Dattawa ta gyara ƙa'idarta ta hana sabon sanata neman shugabancinta, wata huɗu bayan Abdul'aziz Yari, sabon sanata, ya samu ƙuri'a 46 a gaban 63 na Godswill Akpabio. An yi gyaran a fili, bisa tsari. Amma kowa ya san wanda aka auna.

Na huɗu, kuma a taƙaice: ainihin siyasar ba a zauren majalisa take ba.

A Disamban 2023 Majalisar Dattawa ta amince da alƙalan Kotun Ƙoli 11 a zama ɗaya, cikin 'yan kwanaki da karɓar sunayensu. Ban ce ba su cancanta ba. Na ce fiye da rabin kotun da za ta yanke makomar zaɓukanmu sun wuce ba tare da talaka ya ji ra'ayin ɗayansu a kan komai ba. A Amurka tantancewa ta zama yaƙi, a wurinmu ta zama gaisuwa. Tun da haka ne, mai neman kujera ya san inda zai yi kamun ƙafa: wurin masu tsara jerin sunayen kafin ya iso. Mai Shari'a Musa Dattijo Muhammad, ranar da ya yi bankwana da Kotun Ƙoli a Oktoban 2023, ya fito fili ya ce iko ya taru da yawa a hannun Babban Jojin Ƙasa, wanda shi ke shugabantar NJC kuma shi ke zaɓen mafi yawan mambobinta. Mutumin da ya kai na biyu a kotun ne ya faɗa, ba ɗan adawa ba.

Duk da haka NJC ta yi rana. A 2009 gwamnan Kwara da majalisarsa suka cire Babbar Joji Raliat Elelu-Habeeb. A 2012 Kotun Ƙoli ta ce ba su da ikon yin haka ba tare da an bi ta NJC ba. Gwamnan kuwa Bukola Saraki ne. Siyasa ke nan, yau kana wannan gefen tebur, gobe kana wancan.

Na biyar: me za mu nema?

Damuwa da wanda zai hau kujerar alƙali ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Liya'ul Hukkami a Kano don shiryar da masu mulki da masu hukunci. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta Usulus Siyasa don Sarkin Katsina Ummarun Dallaje. Imam Abu Hanifa ya gwammace kurkuku da karɓar alƙalanci daga hannun Halifa Mansur. A zamaninmu Katsina ta ba Nijeriya Muhammadu Bello, Babban Jojin Ƙasa daga 1987 zuwa 1995, da Mamman Nasir Galadiman Katsina da Umaru Abdullahi Walin Hausa, su biyun nan sun shugabanci Kotun Ɗaukaka Ƙara. Ƙasar Dutsin-Ma ma ta ba jihar lauya gwamna, Ibrahim Shehu Shema, daga 2007 zuwa 2015. Jihar da ke da wannan gado ba ta da uzurin yin tantancewar je-ka-na-yi-ka.

Abin da zan ba da shawara a kai ba ya bukatar gyaran tsarin mulki, wanda sai an bi majalisun jihohi 24. Majalisar Dokokin Katsina za ta iya sa shi a littafinta a mako ɗaya in ta ga dama.

A rubuta cewa ba za a yanke batun Babban Joji ko Girand Kadi da ɗaga murya ba. A kira suna ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce e ko a'a, a buga. Mu duka mun ga zaman da masu cewa a'a suka fi ƙara, mai guduma ya ce masu cewa e sun yi rinjaye. Idan ɗan majalisar Kurfi ya ƙi wani alƙali, mutanen Kurfi su sani, su tambaye shi dalili ranar kasuwa.

A sa wa'adi a ɓangare biyu. Majalisa ba za ta yanke hukunci ba sai an sanar da sunan an ba jama'a da ƙungiyar lauyoyi kamar mako biyu su kawo ƙorafi a rubuce. Kuma ba za ta ajiye sunan fiye da kamar kwana talatin ba tare da ƙuri'a ba. Na farko yana hana gaggawar da ta wuce da mutum 11 a zama ɗaya, na biyu yana hana abin da aka yi wa Garland. In an ƙi mutum, a rubuta dalili, a ba shi dama ya amsa. Shi ma gwamna ya kamata doka ta ɗaure shi da wa'adin aika suna bayan NJC ta ba shi, amma wannan sai an yi doka.

Wanda na fi ba muhimmanci shi ne wannan: duk gyaran da za a yi wa ƙa'idar tantancewa ko ta zaɓen shugabannin majalisa, kada ya fara aiki sai a majalisa mai zuwa, bayan zaɓe. Mutumin da bai san ko shi ne zai yi rinjaye gobe ko shi ne tsiraru ba, zai rubuta ƙa'idar da zai iya zama ƙarƙashinta ko ta wane gefe ya faɗo. Da wannan sharaɗi na aiki, da Reid ya yi tunani sau biyu a 2013, da McConnell bai samu abin da yake so nan take a 2017 ba, da rikicin littafin 2015 bai taso ba.

Na san abin da lauyoyin da ke nan za su ce: majalisar da ta rubuta wannan sharaɗi ita ce za ta iya goge shi, kuma kusan kullum muna jin an miƙe an nemi a jingine ƙa'ida don a gaggauta wani abu. Gaskiya ne. Babu rubutun da zai ɗaure masu rinjayen da suka ƙudurta tsallake shi. Abu biyu ne kawai ke rage musu gudu. Ɗaya kotu: a Disamban 2006, a shari'ar tsige Gwamna Rashidi Ladoja na Oyo, inda 'yan majalisa 18 suka zauna a otal a Ibadan, Kotun Ƙoli ta ce in ba a bi matakan da tsarin mulki ya gindaya ba, kotu za ta shiga. A zamanin Balarabe kotu cewa ta yi ba ta da hurumi, don haka an samu ci gaba. Amma kotu na kare matakan tsarin mulki ne, ba kasafai take shiga ƙa'idar cikin gida ta majalisa ba. Na biyun kuwa ku ne. Jingine ƙa'ida yana da sauƙi idan babu wanda ya san da ita. Ɗaliban da ke nan, ku rubuta wa akawun majalisa ku nemi kwafin littafin ƙa'idojin zama, ku karanta abin da ya ce a kan tantancewa, ku tambayi wakilanku biyu yaushe aka yi masa gyara na ƙarshe, kuma wa ya kawo gyaran.

Na ga shugaban zama yana duban agogo, kuma lokacin salla ya ƙarato.  Allah ya ba mu zaman lafiya a ƙasar nan, ya mayar da kowa gidansa lafiya. Mai tambaya ko mai gyara, musamman dattawan da suka ga 1981 da idonsu, ga fili nan, bismillah.